Bidiyon Iyakar Gonarsu Yana Hannuna, Na Rantse Cewa Ya Lalace

Assalamu alaikum mai shafi, da ku 'yan uwa masu bibiya. Allah ya saka da alheri da wannan fili da kuka buɗe mana. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk sunan da za ku gani a nan ni na canza shi. Roƙona ɗaya, kafin kowa ya wasa harshensa a kaina ya daure ya karanta har ƙarshe, don na san halin wasunku a shafin nan, layi biyu kuke karantawa ku haye mumbari. Ban zo a wanke ni ba. Na san na yi laifi, ina ma cikin yin sa yanzu haka da nake wannan rubutu. Amma kar a yi mini irin shari'ar da aka saba yi mini a gida, inda mai babbar riga zai zage ni a ce wasa ne, ni kuwa in na yi tsaki a ce ba ni da tarbiyya.

Ni ma'aikaci ne a sashen yaɗa labarai na wata hukumar gwamnatin tarayya a nan Abuja, ina zaune da mahaifiyata, Umma, a wajen Gudu. Aikina ɗaukar bidiyo a taruka, in yanke in haɗa in miƙa wa manya. Ban ce ni gwani ba ne. Ina da 'yar kyamarata da tsohuwar kwamfutar hannu, da manhajar haɗa bidiyo irin ta kyauta wadda 'yan koyo ke farawa da ita, da su nake ɗan rufa wa kaina asiri a bikin suna da walima ranakun hutu. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira ta Yaya Hauwa, tana auren wani mai shagon tayil da kayan banɗaki a kasuwar Dei-Dei. Shi kuma mu kira shi Alhaji Sabi'u. Kun san al'ada, ƙanin mata abokin wasan miji ne. To shi wannan mutumin ya mayar da al'adar nan lasisin cin mutunci. Tun da ya auri yayata ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai dai "mai hoto". A gaban baƙi, a gaban 'ya'yansa, har a gaban yarinyar da nake nema sai da ya ce, "Ki yi haƙuri da shi fa, an yi digiri an ƙare a bin 'yan biki da fitila." Kowa ya yi dariya, har da ni, don in na ɓata rai Umma za ta ce haba kai kuwa, ba ka san wasa ba? Wane irin wasa ne kullum mutum ɗaya ke dariya, ɗaya na haɗiyar miyau? Ba zan ɓoye muku ba, na tsani mutumin nan, kuma na daɗe da tsanarsa.

Abin mamakin shi ne iyayensa mutanen kirki ne, albasa ce dai ba ta yi halin ruwa ba. Mahaifinsa, Malam, manomi ne a wani ƙauye gaba da Abaji. Gonarsa tana da tudu inda ake doya da dawa, tana kuma da fadama a bakin rafi. Fadamar nan ita ce ta Inna, matarsa, wato mahaifiyar Sabi'u. Ita take noma shinkafa a ciki da damina, ta yi alayyahu da kuɓewa da rani, da ita take riƙe kanta ba ta zauna jiran ɗanta ya aiko ba. Maƙwabcinsu na gona, wani Tanko, ya daɗe yana zuba wa fadamar ido. A tsakanin gonakin akwai itatuwan ɗorawa guda uku a jere, ɗaya daga cikinsu ce iyaka. In ta farko ce, fadama ta faɗa ɓangaren Tanko. In ta ƙarshe ce, wadda ke tsallaken rafi, fadama ta Malam ce. Duk rigimar ke nan.

Da Malam ya ji jiki ya fara gaya masa, sai ya aiko a zo ya zaga da ɗansa ya nuna masa iyaka, kamar yadda dattawa ke yi tun suna da sauran ƙafa. Sabi'u ya ce a ɗauka a bidiyo don ya zama hujja, wannan kam ya yi tunani, ba zan hana shi ba. Yaya Hauwa ta roƙe ni in bi su. Na ɗauki kyamarata da murna, na ce yau dai aikin da ake raina ni a kai zai yi rana. Muna isa bakin gona sai ga Alhaji ya fito da wata dalleliyar kyamara daga but ɗin mota, wai ya aro ta wajen wani ɗan kwangila da ke sayen kaya a shagonsa.

Ya ce, "Mayar da akwatin nan naka jaka, mai hoto. Yau da kayan manya za a yi aiki."

Na ce, "To Alhaji, kawo in duba saitinta tukuna, sababbin nan kowacce da halinta."

Ya janye ta kamar zan shafa mata kuturta. "Kar ka soma. Wannan ba ta bikin suna ba ce. Ga lema can, riƙe wa Baba, rana ta yi."

Haka aka yi. Ni da na ci shekaru ina wannan aiki na koma mai riƙe lema, mai sayar da tayil ya zama mai ɗaukar bidiyo. Tsakani da Allah ko da ya ba ni kyamarar a ranar ban san zan gano abin da ya faru daga baya ba, don ni ma a lokacin ban san shi ba. Amma da ya bar ni na ɗauka da tawa a gefe, ai da duk wannan ba ta taso ba. Malam yana tafe da sandarsa yana numfashi sama-sama, yana cewa, "Daga wannan ɗorawar, wannan fa, ba waccan ba. Ku bi nan, ku miƙe har wancan dutsen. Duk abin da ke nan ɓangaren namu ne tun zamanin babana." Yana faɗa yana dafa itacen da hannunsa, yana nuni da sanda. Da muka gama ya sa mini albarka, ya ce na sha rana dominsa. Sabi'u ya sa aka juye bidiyon a filash, ya mayar wa mai kyamara kayarsa, shi kuma ya goge katin ya ci gaba da aikinsa. Ba wanda ya buɗe filash ɗin ya duba, aka jefa a durowa.

Malam ya rasu kafin faɗuwar damina, Allah ya jiƙansa. Ana gama sadakar arba'in Tanko ya kafa turaku a fadama ya fara share ta. Sabi'u ya kai ƙara wajen mai unguwa da dattawan ƙauyen. Suka ce shaidar ɗa da ta mata da ta suruki duk jirgi ɗaya ya kwaso su, a kawo wata hujjar. In babu, Tanko zai dafa Alƙur'ani ya rantse, magana ta ƙare. Sabi'u ya bugi ƙirji ya ce ai yana da Malam da kansa a aljihu, gani ya kori ji. A ranar ce fa aka tuna da mai hoto. Ya zo gidanmu wata Lahadi da hantsi, shi da Yaya Hauwa da yara, ya ajiye mini filash a kan tebur ko sallamar kirki babu, ya ce in yanko wurin itatuwan kawai, dattawa ba za su zauna kallon doguwar tafiya ba.

Na juye fayil ɗin a kwamfutata, na jawo shi cikin manhajar da nake aiki da ita. Sai muryar Malam ta cika falon, tas, kamar yana zaune a cikinmu. Allon kuwa baƙi ƙirin. Na rufe na sake buɗewa, baƙi. Na kashe kwamfutar na kunna, baƙi. Na gwada da abin kallon bidiyo da ya zo da kwamfutar, shi ma murya ya ba ni, hoto babu. Malam yana ta cewa wannan fa, ba waccan ba, mu kuwa muna kallon duhu. Wacce ce wannan? Wacce ce waccan? Muryar da babu hoto a wannan shari'a ba ta da amfanin komai, Tanko ma zai iya cewa ita ce hujjarsa. Na ce, "Alhaji, hoton ba ya fitowa, ina jin fayil ɗin ya samu matsala." Wallahi a wannan ranar iyakar gaskiyata na faɗa.

Ya miƙe tsaye. "Ka goge! Wallahi ka goge shi! Tun a gona na ga idonka, don an hana ka taɓa kyamara. Ɗan baƙin ciki kawai, matsiyaci!"

Umma ta ce, "Haba Alhaji, a bi a hankali mana."

Ya ce, "Umma ki bar ni da shi. Abin da ya iya ke nan, hassada. Ko nawa Tanko ya ba ka? Faɗi mu ji!"

A gaban uwata. A gaban 'ya'yan yayata da nake goyawa suna jarirai. Yaya Hauwa ko kare ni ba ta yi ba, wannan ma har yau yana ci mini rai. A ranar ba wanda ya ce wasa ne. Ya fizge filash ɗinsa ya fita. Ya kai shi wani shagon masu kwamfuta a Dei-Dei, su ma tasu tsohuwa ce, suka ga baƙin allo. Mai shagon ya ce bairos ne ya ci, bari ya wanke masa. Ya wanke filash ɗin kuwa tas, har da bidiyon. Kun ga ke nan kwafin da ya rage a duniya shi ne wanda ke kwamfutata. Amma kun san me Alhaji ya ce? Wai daga kwamfutata bairos ɗin ya shiga. Ya hana Yaya Hauwa kawo yara gidanmu in dai ina nan. Ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya yana cewa na haɗa baki da Tanko. Maganar ta kai har ƙauyensu, inda na je na tsaya a rana na yi wa Malam sallar gawa, yanzu a can sunana wanda ya sayar da marayu da gwauruwa.

Ana cikin haka sai ofishinmu ya sayo sabuwar kyamara. Ranar farko da muka yi aiki da ita a wani taro, na dawo na jawo fayil cikin manhajata, sai ga shugabanmu yana jawabi a cikin duhu. Murya tas, allo baƙi. Na ce a raina shi ke nan, ko dai da gaske hannuna ne ke lalata abubuwa? Abokin aikina Bitrus, mutumin Filato, teburinmu ɗaya, ya leƙo ya yi dariya.

Ya ce, "Oga, ba lalacewa ba ne. Ni ma ya yi mini haka jiya, sai da na bincika. Fayil yana lafiya, manhaja naka ne bai iya karanta shi ba. Kodek ne matsala."

Na ce, "Mene ne kuma kodek?"

Ya ce, "Yadda kyamara yana matse hoto ya sa a cikin fayil. Sabon kyamara yana amfani da sabon hanya, H.265. Namu na kyauta ya san tsohon ne kawai, H.264. Ka juya shi zuwa tsohon, zai buɗe."

Abin da na fahimta daga baya, don masu irin aikina su amfana, shi ne sunan fayil na waje ba ya nuna abin da ke ciki. Kamar buhu ne, buhun iri ɗaya amma ɗaurin kayan ciki daban. Murya da hoto kowanne da irin ɗaurinsa. Na murya tsoho ne, kowace kwamfuta ta san shi, shi ya sa take fitowa. Na hoto a sababbin kyamarori sabo ne, kuma yawancin manhajojin nan na kyauta da tsofaffin kwamfutoci ba su da abin kwance shi, sai su ba ka baƙin allo ba tare da sun yi maka bayanin kirki ba. Akwai wata 'yar manhaja, ita ma kyauta ce, da ke kwance ɗaurin ta sake ɗaure shi irin na da. Bitrus ya sa mini ita, muka juya jawabin shugaba, ya fito garau. Ni kuwa tun kafin ya gama hankalina ya bar ofis.

Ana tashi na kama hanyar gida, ko abinci ban tsaya ci ba. Na sa fayil ɗin Malam a cikin 'yar manhajar nan da Bitrus ya sa mini, kwamfutar tana nishi tana zafi, ina zaune ina kallon layin da ke nuna ci gaban aikin yana tafiya kamar hawainiya. Da ya gama na danna. Sai ga Malam. Ga hularsa, ga sandarsa, ga rafi a bayansa, ga hannunsa a jikin ɗorawa ta ƙarshe, ta tsallaken rafi, sauran biyun suna can baya ana ganinsu sarai. Makaho ne kaɗai zai kalli wannan ya ce fadama ba tasu ba ce. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na kira Bitrus ina ihu ina cewa ya buɗe, ya buɗe. Sannan na nemo lambar Yaya Hauwa, yatsana yana kanta, sai ga saƙon murya ya shigo zauren danginmu na waya. Wani ɗan kawunmu ne ya turo, wai a ji abin da Alhaji ke faɗa a wani wurin ɗaurin aure. Na saurara. Yana cewa irina ko a lahira ba ya fatan haɗuwa da ni, kuma duk wanda ya ba ni 'yarsa ya ba ɓarawo. Mutane suna ta dariya a bayansa. Na ajiye wayar.

Na ce bari ya ɗanɗana tukuna. Kwana biyu kawai, ya ji yadda ake ji. Na riƙa jin labarin yadda yake zarya tsakanin Dei-Dei da Abaji yana neman tsofaffin da suka san iyaka, wannan ya mutu, wancan ya rikice, wancan surukin Tanko ne. Na ji an ce ya rame, ya daina cika baki a kasuwa. Kuna so in ce na tausaya masa? Ban tausaya ba. Daɗi na ji, irin daɗin da ban taɓa ji ba tun da ya shigo danginmu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ga shi yau duk dukiyarsa da rigunansa ba su iya buɗe abin da mai hoto ya buɗe da tsohuwar kwamfuta ba. Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata, kullum in buɗe bidiyon in kalla ni kaɗai in rufe. Me nake jira? Ya zo ya durƙusa? Ta yaya zai zo alhali bai san akwai abin roƙo ba? Ni kaina ban san abin da nake jira ba, na dai san duk sanda na yi niyyar kira sai in ji muryarsa yana cewa matsiyaci.

Inda na fi jin kunya shi ne nan. Wata safiya Umma ta kira ni ɗakinta bayan ta idar da walaha, tana kan dardumarta. Ta ce, "Zo nan. Na san an ɓata maka, kuma na san ba ka ci amanar kowa ba, ni na haife ka. Amma ka gaya mini tsakaninka da Allah, babu wata dabara da za a yi hoton nan ya fito? Ko wajen manyanku na ofis?" Da na ce mata akwai, da a nan komai ya ƙare. Amma sai na ga kamar ita ma ta koma ɓangarensa, kowa damuwarsa gonar su Sabi'u, ba wanda ya ce a zo a ba ni haƙuri. Na dubi idon uwata na ce, "Wallahi Umma babu. Ya lalace har abada." Ta ce to Allah ya sa haka shi ya fi alheri, ta shafa kaina. Tun daga ranar ta zama lauyata a dangi, duk wanda ya taɓa ni sai ta ce ɗana ya rantse mini, kuma bai taɓa rantse mini a kan ƙarya ba.

Shekaranjiya Inna ta zo gidanmu. An kawo ta Abuja ganin likitan ƙafa, ta matsa sai da Yaya Hauwa ta rako ta ta gaida Umma, ba da sanin ɗanta ba. Ina jin muryarta na so in sulale ta ƙofar baya, sai ta aiko a kira ni. Na same ta a kan tabarma, ta ƙi zama a kujera, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ɗana, haƙuri na zo ba ka. Na ji abin da Sabi'u ya yi maka. Bakinsa ya fi shi girma tun yana yaro, na yi faɗa har na gaji. Ni ban taɓa yarda ka cuce mu ba. Ka yafe masa don darajar Malam."

Na ce, "Ba komai Inna." Me zan ce?

Ta ce ranar Asabar mai zuwa dattawa za su zauna zaman ƙarshe, Tanko ya ce a shirye yake ya rantse. Ta ce ita ba za ta bari ba. "Na san ƙarya zai dafa, kuma na san abin da Alƙur'ani ke yi wa mai ƙarya. Yana da 'ya'ya ƙanana, uwarsu ni na yi mata wankan jego. Ba za a ce saboda shinkafata gida ya rushe ba. Zan tashi a gaban dattawa in ce na bar masa." Yaya Hauwa ta ce, "Inna to ke da me za ki riƙa ci?" Ta ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, in ta kama ta dawo Abuja ta zauna a ɗakin da ɗanta ya ba ta, ta koyi zaman jiran a ba ta. Matar da ta shekara arba'in tana shiga fadamar nan da ƙafarta.

Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai madannai. Ta ce, "An ce hoton ne ya tafi amma muryar tana nan. In ba wahala, sa mini ita a nan, in riƙa jin sa."

Jama'a, na ɗauko kwamfutar. Na zauna a gabanta na juya bayan kwamfutar gare ta. Na buɗe manhajar, kuma saboda hannuna ya saba, wanda na gyara ne ya buɗe. Fuskar mijinta ta cika allon, yana kallona, ita tana zaune taku biyu daga ni tana gyara ɗankwali tana jira. Abin da ya rage kawai in juya kwamfutar. Yaya Hauwa tana wurin, Umma tana wurin da carbinta. Na kalli Umma, na tuna wallahin da na yi mata. Na tuna Alhaji da yadda zai daka tsalle ya ce ai na gaya muku. Sai na danna inda ake cire murya kaɗai, da hannuna na raba hoton da muryar, na tura mata muryar a waya na rufe kwamfutar. Ta kara a kunne, ta ji sallamarsa, ta rufe ido. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya ba ka masu yi maka." Umma ta ce amin.

Na san abin da wasunku za su rubuta. Za ku ce ai da sauƙi, ka ce yau ka gano dabarar. Kun ɗauka ban yi wannan tunanin ba? Bitrus ya san ranar da bidiyon ya buɗe, ni na kira shi da bakina, kuma Bitrus ba ya iya riƙe magana, ga shi a Dei-Dei yake sayen kayan ginin da yake yi. Ko bai faɗa ba, Umma ba yarinya ba ce, ta san fuskata in na yi ƙarya, sau ɗaya na tsallake. Ba kuma zan iya turawa a ɓoye ba, kowa ya san a kwamfutata kaɗai fayil ɗin ya rage. Duk ta inda ya fito, ni ne. Ranar da ya fito kuwa, sharrin da Sabi'u ya yi mini ya zama gaskiya a idon duniya, ba wanda zai tsaya ya ji cewa ranar farko ban san komai ba, ba wanda zai tuna shi ya fara. Zai samu gonarsa, ya samu bakin magana a kaina har in mutu, ya hau motarsa yana dariya. Uwata kuma ta san ɗanta ya dube ta a kan darduma ya rantse da Allah a kan ƙarya. Masu cewa in yafe masa, ku riƙe wa'azinku, ban yafe ba, kuma ba shi ne tambayata ba.

Tambayata Inna ce. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini komai ba sai alheri, kuma ranar Asabar za ta miƙe da ciwon ƙafarta a gaban dattawa ta ba da fadamarta da bakinta. In ta faɗa ta faɗa, ba a dawo da kyauta a gaban dattawa, ko na kawo bidiyo goma daga baya. Ni kaɗai ne a duniya zan iya hana wannan, kuma har yanzu da nake rubutun nan zuciyata tana ce mini bar shi ya rasa. Malamai da iyaye da ke shafin nan, da duk wanda aka taɓa wulaƙantawa har ya ji zai iya ƙona gida don ya kashe ɓera, ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Yau Laraba. Me zan yi?